Amanar Maƙwabta: Darasi Daga Benen da Ya Rufta a Surfside

Da misalin ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci na daren 24 ga watan Yuni, 2021, wani sashe na bene mai hawa 12 da ake kira Champlain Towers South ya rufta a garin Surfside da ke gaɓar teku a jihar Fulorida ta Amurka. Mutum 98 suka rasa rayukansu, galibinsu suna cikin barci. Ba girgizar ƙasa aka yi ba, ba guguwa ce ta taso ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne masu gidan sun shekara kusan uku suna riƙe da takardar da ta gaya musu cewa gininsu yana lalacewa.

An kammala benen a 1981, yana da gidaje 136, kowane da mai shi. Amma harsashi da ginshiƙai da rufi da garejin ƙarƙashin ƙasa da wurin ninƙaya na kowa da kowa ne, kuma ƙungiyar masu gidan ce ke kula da su ta hannun kwamitin gudanarwa da suka zaɓa daga cikinsu. A 2018 injiniyan da ƙungiyar ta ɗauko ya ba da rahoton cewa ruwa yana kwanciya a dandamalin wurin ninƙaya, yana tsiyaya cikin kankaren da ke ƙasa, kankaren garejin yana tsagewa yana ɓarewa, har rodi ya bayyana yana tsatsa. Aka ƙiyasta gyaran a kan dala miliyan 9 da 'yan kai, alhali abin da ke asusun ajiyar ƙungiyar bai kai miliyan ɗaya ba. Daga nan aka shiga ja-in-ja a kan kuɗi da yadda za a yi aikin, har biyar daga cikin 'yan kwamiti bakwai suka ajiye muƙamansu a 2019. Kafin a amince da tara kuɗin a watan Afrilun 2021, lissafi ya kai dala miliyan 15. Mai ƙaramin gida zai biya wajen dala 80,000, mai babba fiye da 300,000. Ana saura mako guda a fara biya ginin ya zo ƙasa.

Masu binciken gwamnatin tarayyar Amurka sun gano cewa tun daga zane da aikin farko akwai rauni a dandamalin, don haka ba adalci ba ne a ɗora wa 'yan kwamitin duka laifin. Mutane ne 'yan sa-kai, ba albashi suke karɓa ba, su ma a cikin ginin suke kwana. Sai dai abin da ya faru ya tona asirin wani tsari da miliyoyin mutane ke rayuwa a ƙarƙashinsa.

A Amurka akwai irin waɗannan ƙungiyoyi fiye da 350,000, mazaunansu sun haura miliyan 70. Duk wanda ya sayi gida a irin wannan rukuni ya zama ɗan ƙungiya ko yana so ko ba ya so, domin sharuɗɗan an yi musu rajista tare da filin, suna bin gidan daga mai shi zuwa mai saye. Kwamitin yana yanka kuɗin wata-wata, yana ba da kwangila, yana cin tara, a jihohi da yawa ma yana iya kai wa ga sayar da gidan wanda ya ƙi biya. Ƙaramar hukuma ce a aikace, amma maƙwabta ne ke riƙe da ita. Manajan da ake ɗauka ma'aikaci ne kawai. Nauyin yana wuyan kwamiti, kuma doka tana kallon 'yan kwamiti a matsayin masu riƙon amana.

Ikon nan yana da iyaka, kuma iyakar hawa-hawa ce. Dokar tarayya tana sama, sai ta jiha, sai sharuɗɗan da aka yi wa rajista, sai tsarin mulkin ƙungiya, sannan ƙa'idojin da kwamiti ke kafawa. Na ƙasa ba ya ture na sama. A da, an sha rubuta a cikin sharuɗɗan unguwanni cewa ba za a sayar wa baƙar fata gida ba, har Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1948 cewa kotuna ba za su tilasta bin irin wannan sharaɗi ba, sannan dokar adalci a harkar gidaje ta 1968 ta haramta wariyar baki ɗaya. Wato amincewar mafi rinjaye ba ta halatta zalunci. A Fulorida, kafin ƙungiya ta ci mutum tara dole ta ba shi sanarwar kwana 14, a saurare shi a gaban mutum aƙalla uku waɗanda ba 'yan kwamiti ba ne kuma ba danginsu ba. Idan waɗannan ba su amince ba, tarar ta faɗi. Dole a manna sanarwar zaman kwamiti awa 48 kafin a zauna, kuma idan ɗan ƙungiya ya nemi ganin takardu a rubuce, dole a nuna masa cikin kwanakin aiki goma.

Idan aka yi maganar lalacewar irin wannan shugabanci, hankali yakan fara zuwa kan sata, kuma tana faruwa. A watan Nuwamban 2022 aka kama wasu shugabannin ƙungiyar Hammocks, wani babban rukunin gidaje a yankin Mayami, bisa tuhumar karkatar da fiye da dala miliyan 2, bayan an ninka wa mazauna kuɗin da suke biya har sau uku zuwa huɗu. Kotu ta naɗa wanda zai riƙe ƙungiyar. A 2024 jihar ta wajabta wa sababbin 'yan kwamiti yin horo cikin kwana 90 da hawansu, ta mayar da karɓar na-goro daga ɗan kwangila babban laifi, ta kuma umarci ƙungiyoyi masu gidaje 100 ko fiye su sa takardunsu a intanet.

Amma ni a ganina akwai cutar da ta fi sata haɗari, domin mutanen kirki take kamawa. Ita ce jin nauyin maƙwabci. Ɗan kwamiti yana haɗuwa da waɗanda yake shugabanta a ƙofar gida safe da yamma. Ya san tsohuwar da ke rayuwa da kuɗin fansho, ya san wanda ya rasa aiki. Ya kuma san cewa wanda ya yi alkawarin ba zai ƙara kuɗi ba shi ke cin zaɓe. Tsohuwar dokar Fulorida ta bar ƙofa a buɗe: masu gida suna iya kaɗa ƙuri'a kowace shekara su yafe wa kansu zuba kuɗi a asusun ajiya. Kowa ya tashi daga taro yana murna, shi kuwa kankare yana ci gaba da shan ruwa, kuɗin gyara yana ƙara hawa.

Wannan ƙofa ce majalisar jihar ta rufe a watan Mayun 2022. Sabuwar dokar ta ce duk benen haɗaka mai hawa uku ko fiye sai injiniya ya duba lafiyarsa idan ya cika shekara 30, a kuma maimaita duk shekara goma. Ta wajabta a lissafa sauran shekarun rufi da ginshiƙai da famfo da wayoyin wuta da abin da sauya su zai ci, ta kuma hana yafe tara kuɗin waɗannan sassa. Dokar ta yi wa mutane nauyi ƙwarai, musamman tsofaffi, har wasu suka sa gidajensu a kasuwa, majalisa ma ta sake taɓa ta don sassauta wa'adi. Wannan raɗaɗin gaskiya ne, amma bashi ne na shekaru da aka yi ta turawa gaba. Alherin dokar shi ne ta ba shugaba mai gaskiya abin da zai tsaya a kai. Yanzu yana iya kallon maƙwabcinsa ya ce masa ba son ransa ba ne, wajibi ne a kan kowa.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A nan gida ma, daga Gwarinpa zuwa sababbin rukunan gidaje masu katanga da ke tasowa a Abuja da Kaduna da Kano, mutanenmu sun shiga irin wannan zama. Akwai taransifoma ɗaya, rijiyar burtsatse ɗaya, tankin ruwa a kan ƙarfe, masu gadi, kwata da titi, kuma akwai kuɗin sabis da ake karɓa. A wurare da dama ƙungiyar ba ta da rajista, kuɗin yana shiga asusun bankin mutum ɗaya, kuma ba a tunawa da gyara sai ranar da taransifoma ta ƙone, a shiga zagayawa gida-gida da takardar karo-karo.

Dokarmu ta tanadi hanya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba ƙungiya damar yin rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ta zama tana iya buɗe asusu da sunanta, ta mallaki kadara, ta yi ƙara ko a yi ƙararta, da sharaɗin tana miƙa rahoto duk shekara. Sannan akwai wani bambanci da ya kamata shugabanni su kiyaye. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, don haka wajabcin biyan kuɗi ya fi ƙarfi idan an rubuta shi cikin yarjejeniyar sayen gida tun farko. Kulle wa mutum ƙofa ko tura masu gadi su tare motarsa hanya ce da takan ƙare a kotu.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin kowace unguwa ba. A raba asusu biyu, na hidimar yau da kullum da na ajiya, kada a taɓa na biyu sai don babban gyara. Kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum biyu. A rubuta abin da aka yanke a kowane zama, a kawo mai binciken kuɗi daga waje sau ɗaya a shekara, a karanta rahotonsa a gaban kowa. Idan ƙanin shugaba yana neman kwangila, shugaban ya faɗa da bakinsa, ya fita kafin a yanke shawara. Idan injiniya ya rubuta cewa ƙarfen tanki ya ci tsatsa, a raba takardar ga kowane gida a makon.

Su kuma mazauna, nasu haƙƙin shi ne su halarci taro, su nemi ganin lissafi, su daina zaɓen shugaba don ya yi alkawarin sauƙi. Wanda ya cancanci wannan amana shi ne wanda zai iya gaya wa maƙwabtansa gaskiyar abin da gyara zai ci tun yana da araha, ya jure fushinsu, ya kuma nuna musu inda kowane kwabo ya tafi.