Tsakanin Isha'i Da Asuba: Ina Barcin Ɗalibi Yake Tafiya?

Ku ɗauko biro mu yi wani ɗan lissafi tare. A Fakku, cikin ƙaramar hukumar Kebbe ta jihar Sakkwato, ana kiran asuba wajen ƙarfe 5 a watan Mayu, lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke tsakiyar jarrabawar WAEC. A 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a kullum. Ke nan wanda zai tashi asuba, in yana son samun ko da mafi ƙarancin wannan adadi, sai ya kwanta ƙarfe 9. Ana idar da isha'i ne bayan ƙarfe 8. A 'yar wannan tazarar za a ci tuwo, a yi aikin gida da malami ya bayar, a taɓa hira, a duba waya. Lissafin ba ya fita, kuma barci ne kullum ake zaftarewa.

Wani ɓangaren ba laifin ɗalibi ba ne. Yaron da zai ɗebo ruwa kafin ya sa kayan makaranta, ya dawo ya wuce gona ko ya kora awaki, ya je Islamiyya da yamma, ranar kasuwa kuma a bi da shi Tambuwal ya taya yayansa tsaron kaya, ba a ce masa rago. Haka yarinyar da wanke-wanke da talla ke jira. Ga zafin bazara da kan haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato: ɗaki ba ya kwantuwa, tsakar gida kuma sauro na jira. A ƙauyukan da ake fama da matsalar tsaro ma, ido biyu ake kwana. Waɗannan sun fi ƙarfinku.

Abin da ya dame mu shi ne ɗan barcin da ya rage, wanda muke bayarwa da hannunmu. Wayoyinmu sun cika da masu hudubar buga-buga: wai mai neman arziki ba ya barci, wai kana kwance wani na can yana tara miliyoyi. Mun ga inda wannan magana ta kai mu a 2024, shekarar mainin. Bayan Notcoin ta biya wasu a watan Mayu, sai matasan Arewa suka afka wa Hamster Kombat a Telegram, ana ta danna fuskar waya dare da rana, har da masu sa ƙararrawa su farka tsakar dare don kada wani kati ya wuce su. Ranar 26 ga Satumba aka fashe, kuma mafi yawan mutane abin da suka samu bai wuce 'yan daloli ba. An yi ta lissafin asarar data da kuɗin caji. Ba mu ji wanda ya lissafa darussan safe da aka yi gyangyaɗi a cikinsu watanni ba.

Akwai kuma buga-bugar da ta fi wannan kama da gaskiya, wato TDB, karatu har wayewar gari idan jarrabawa ta matso. Niyyar mai kyau ce, amma ga abin da masana suka gano tun 1924. A Jami'ar Cornell ta Amurka, Jenkins da Dallenbach sun riƙa ba ɗalibai biyu jerin gaɓoɓi 10 marasa ma'ana su haddace. Wani lokaci su kwanta bayan haddar, wani lokaci su ci gaba da harkokinsu. Bayan awa 8 a farke, da ƙyar suke tuna ɗaya. Bayan awa 8 na barci kuwa, suna kawo kusan rabi ko fiye. Binciken da ya biyo baya ya nuna dalili: abin da ka karanta yau yana sauka ne a wata ma'ajiya ta wucin gadi a ƙwaƙwalwa, sai ka yi barci mai nauyi take maimaita shi, tana mayar da shi inda zai daɗe. Kamar hatsi ne da aka sussuka aka bari a masussuka. Ba a ce an adana shi sai ya shiga rumbu. Almajiran da ke karanta allo da dare, su kwanta, su tashi da asuba su yi tilawa, sun daɗe a kan wannan hanya ba tare da sun san Cornell ba.

To, yaya ake hana ido rufuwa? Goro, shayi mai kauri, Nescafé, lemon ƙara kuzari. Dukansu sinadari ɗaya suke ɗauke da shi, kafin, kuma ba ya cire gajiya, saƙonta kawai yake tarewa kada ya isa ƙwaƙwalwa. Yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka kofin da aka sha ƙarfe 10 na dare yana nan da sauransa har asuba. Daga nan wasu kan zarce zuwa tramadol, da sunan a yi aikin gona ko dako ba a ji a jiki ba. Maganin ciwo ne mai kama mutum, kuma yawansa na jawo farfaɗiya.

A farkon 1964 wani ɗan sakandare mai shekara 17 a San Diego, Randy Gardner, ya yi kwana 11 bai runtsa ba, don gasar kimiyya ta makaranta. Kafin ya gama, an sa shi ya riƙa cire 7 daga 100 yana sauka, da ya kai 65 sai ya tsaya, ya manta abin da yake yi. Daga baya kundin Guinness ya daina karɓar irin wannan bajinta saboda haɗarinta. Su ma attajiran da ake buga mana misali da su ba bakinsu ɗaya ba: Jeff Bezos, mai kamfanin Amazon, ya sha faɗa cewa awa 8 yake barci don ya iya yanke shawara mai kyau.

Mun san ba a ganin barci a matsayin abin yabo a wajenmu. Ƙanin mutuwa muke ce masa, kuma wanda Basakkwace ya kira mai yawan kwana ba kirari aka yi masa ba. Sai dai jikin matashi yana da nasa agogon: idan aka balaga, sinadarin da ke kawo barci yakan makara fitowa da awa ɗaya zuwa biyu, hasken waya kuma ya ƙara tura shi gaba. Shi ya sa za ka kwanta ƙarfe 9 ka yi ta juyi. Ba taurin kai ba ne, amma dai asuba ba ta jira.

Abin da ke hannunku shi ne sauya wa karatu lokaci. Darasi mai wuya, irin lissafi ko kimiyyar sinadarai, a duba shi bayan magariba, a kwanta da shi, a sake bi bayan sallar asuba kafin gida ya kaure da hayaniya. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar tana rage bashin, muddin ba ta zarce har la'asar ba. Gidan sauro a ɗaura shi tun da sauran haske. Ita kuwa waya, tunda dama sai an kai ta wajen mai caji, ku miƙa ta bayan isha'i, ku karɓo da safe a hanyar makaranta.