Shin Ko Kun San? Yadda Kifi Ke Rayuwa a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Shin ko kun san cewa a ƙasashe irin su Kanada, Jamus da Japan, kandamin kifin da ke cikin lambun gida kan daskare da hunturu, amma kifayen suna nan da ransu a ƙasa? Ruwa ya fi nauyi ne a digiri 4 na ma'aunin Salshiyas, don haka shi ke kwantawa a gindin kandami, ƙanƙara kuwa ta yi iyo a sama ta tare sanyin waje. Shi ya sa masu kiwo ke haƙa kandami mai zurfin mita 1 ko fiye.

Shin ko kun san cewa rashin iska ya fi sanyi kashe kifayen? Ganyen da ya zuba cikin ruwa yana ruɓewa, ya cinye oksijin, ya saki iska mai guba, ƙanƙara kuma ta hana ta fita. Domin haka ake shimfiɗa raga a kan kandami tun lokacin kaka, sannan a bar kafa guda a buɗe a jikin ƙanƙarar har sanyi ya wuce. Dusar ƙanƙara ma ana share ta, domin haske ya kai ga tsirran cikin ruwa.

Shin ko kun san cewa fasa ƙanƙarar da guduma ɓarna ce? Girgizar bugun tana ratsa ruwa ta ji wa kifin rauni. Abin da ake yi shi ne a ɗora tukunyar ruwan zafi a kai, a ɗaure mata igiya, a jira ta narkar da rami a hankali.

Shin ko kun san cewa abinci na iya zama ajalin kifayen? Idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10, cikin kifi ba ya narkar da abinci sosai, kuma ragowar tana gurɓata ruwa, sai a rage ko a daina ba su. Masu kiwon tarwada a ƙasar Hausa sun san kwatankwacin haka, domin da hunturu kifinsu kan rage ci.

Shin ko kun san cewa ɗan jan kifin ado na iya jure rashin oksijin na dogon lokaci? Binciken da masana na jami'o'in Oslo da Liverpool suka wallafa a 2017 ya bayyana yadda jikinsa ke mayar da gubar da ke taruwa a tsoka ta koma barasa, ta fice cikin ruwa.

Shin ko kun san cewa a Niigata ta Japan, mahaifar kifin koi, dusar ƙanƙara kan kai mitoci? Kowace kaka masu kiwo a Ojiya da Yamakoshi sukan kwashe koi daga tafkunan laka su kai su tankuna cikin ɗaki, sai bazara su mayar da su.