Ghana: Yadda Ciyawar Acheampong Ke Hana Daji Farfaɗowa A Ramukan Zinare

Duk wanda ya gaji fataucin goro ya san dazukan ƙasar Asante, inda kakanninmu suka riƙa zuwa da ayari ta hanyar Gwanja. A yau haƙar zinare ta bayan fage, wadda mutanen Ghana ke kira galamsey, ta cinye gonakin koko da na goro masu yawa a yankunan Obuasi da Tarkwa, har ta kai gwamnati ta dakatar da ƙananan masu haƙa a shekarar 2017, kafin ta ɗage dokar a ƙarshen 2018.

To, amma cike rami da dasa itatuwa rabin aiki ne kawai. Da zarar an baje ƙasa, wata ciyawa ce ke riga kowa sauka. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, kuma 'yan Ghana sun laƙaba mata sunan Janar Acheampong, domin a zamanin mulkinsa, daga 1972 zuwa 1978, ta bazu a ƙasar. A kudancin Nijeriya wasu na ce mata Awolowo. Iska ke ɗaukar irinta, tana tashi ta fi tsawon mutum, ta rufe dashe ya rasa hasken rana. Idan rani ya yi kuma sai ta bushe ta zama makamashi, wutar daji guda ta lashe wahalar shekara uku.

Akwai kuma wata bishiya da ake kira York, wadda aka shigo da ita a 1969 don yin takarda, ta ɓalle ta mamaye wuraren da aka sare. Ita ko an sare ta, tohowa take daga saiwa.

Maganin da masu aikin gandun daji suka dogara da shi ba boyayye ba ne. Ciyawar Acheampong ba ta jure inuwa. Saboda haka ake mayar da ƙasar sama da aka kwashe, a dasa itatuwan gida masu saurin girma kamar ofram da emire da rimi kusa-kusa, a yi ta sassabe kafin ciyawar ta yi fure, a kuma share hanyar tare wuta, har rassan su haɗu. An kuma saki wani ƙwaro da tsutsarsa ke cin ganyenta, ya rage mata ƙarfi amma bai kawar da ita ba.

Matsalar ita ce kuɗin noman. Dokar muhalli ta 1999 ta wajabta wa kamfanoni ajiye kuɗin gyaran fili, amma ɗan galamsey ba ya ajiye ko sisi.

Mu da ke jiran huhun goro a kasuwannin kan iyaka, wannan magana tamu ce. Bishiyar goro tana son inuwa tun tana ƙarama, kuma sai ta yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya. Filin da ciyawa ta ƙwace bana, ba za mu ga goronsa nan kusa ba.