"Ba … ba" ɗinmu na da ɗan'uwa a Afirka ta Kudu

Yau za mu ɗan leƙa Afirkans, harshen da ya tsiro daga na mutanen Holan, ake magana da shi a Afirka ta Kudu da Namibiya. A 1925 ya zama harshen hukuma. Kafin nan ma Musulmin Keftawun sun rubuta shi da ajami, kamar dai yadda kakanninmu suka yi da Hausa.

Abin da ya kai mu can shi ne korewa. Ku duba:

Ek praat nie Afrikaans nie.
Hy het nie gekom nie. (Bai zo ba.)

Ana furta "nie" kamar "ni" ɗinmu, "aa" kuma dogon wasali ne. Shi "g" nasu daga maƙogwaro yake fita, kamar خ na Larabci, wanda duk almajiri ya sani.

Kun ga "nie" biyu, ɗaya a tsakiya, ɗaya ya rufe jimla. Haka muke yi: "Bai tafi Tambuwal ba." Sai dai tafiyar ba ɗaya ba ce a ko'ina. "Ek weet nie" na da "nie" ɗaya, mu kuwa biyu muke sakawa: "Ban sani ba." A "Ek het nie geld nie" su ke da biyu, mu ɗaya: "Ba ni da kuɗi." Jimlar farko ta sama ma ɗaya take ɗauka a wurinmu: "Ba na jin Afirkans", ko "ba ni jin", kamar yadda muke cewa nan Kebbe.

To a nan ake zubar da maki a jarrabawa. Shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai zuwa suna buƙatar "ba" biyu. Lokaci mai ci da mallaka ɗaya kawai. Kunne ma na bambancewa: "ba" na "ba ta zo ba" gajere ne, na "ba ta zuwa" dogo ne.

Matsalar takan fito idan jimla ta yi tsawo. Ɗalibi zai rubuta "Ban ga yaron da ya kawo gero kasuwa jiya", ya ɗiga aya, ya manta bai rufe ba. A baki ba ya taɓa yin haka, alƙalami ne ke yi masa gaggawa. In kun gama insha'i, ku koma ku bi kowane "ban", "bai" da "ba za", ku nemo "ba" ɗin da ya rufe shi.