Kare Iri-Iri Ne: Wanne Ya Dace da Gidanka?

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Marke da sassafe zai ga karnukanmu na gida, sirara, masu gajeren gashi. Sai mutum ya ɗauka duk karnukan duniya haka suke. Amma babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, wadda aka kafa a 1911, ta san iri fiye da 300, ta kuwa kasa su kashi 10. Bari mu duba huɗu da mai gida zai so ya sani.

Na fari, masu farauta da ido da gudu. Cikinsu akwai Azawak, karen Buzaye na Nijar da Mali. Dogo ne, siriri, yana jimre wa zafi, yana ƙaunar ubangidansa, amma ba ya sakin jiki da baƙo. Yana bukatar fili, gama ɗaure yakan lalata halinsa.

Na biyu, masu kiwo da gadi. Sanannensu shi ne Alseshiyan, wanda aka fara yi wa rajista a Jamus a 1899. Yana da kaifin hankali, shi ya sa 'yan sanda ke aiki da shi. Sai dai gashinsa mai kauri ne, zafin Sakkwato kuwa yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu. In babu inuwa da ruwan sha kullum, zai sha wuya.

Na uku, masu ɗauko tsuntsun da maharbi ya harbo, kamar Labrado. Mai haƙuri ne da yara, har a Turai ana koya masa yi wa makafi jagora. Ga gadi kuwa, ba shi da zafin rai.

Na huɗu, 'yan ƙanana na zaman ɗaki, kamar karen Pekin na ƙasar Sin. Hancinsa gajere ne, don haka numfashi yakan yi masa wuya cikin zafi.

To, mai karatu, wanne za ka zaɓa? Ga yawancin gidajenmu, karen gida ya isa. Ya saba da ƙasar, cinsa ba tsada, haushinsa kuma yana korar ɓarawo.

Ko wane iri ne, akwai hakki biyu a wuyanka. Na ɗaya, allurar rigakafin haukan kare kowace shekara wurin likitan dabbobi. Cutar nan tana kashe mutum wajen 59,000 a duniya kowace shekara, da yawansu yara ne. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, gama in alamun cutar suka bayyana, da wuya a tsira.

Na biyu, hakkin maƙwabta. Da yawa cikin maƙwabtanmu Musulmi suna ƙyamar yawun kare saboda tsarki. Kada ka bar naka yana yawo cikin unguwa, yana sa baki a kwanonin mutane. Ka tsare shi cikin gida, ka ciyar da shi da kyau, ku zauna lafiya da kowa.