Wuri Ɗaya, Lamba Biyu: Juya Ma'aunin Taswira a Ƙasar Damri

Mai nazarin sunayen wurare a Damri zai tarar lambobin tsofaffin taswirorin Nijeriya sun saɓa wa na GPS da kimanin mita 80, domin an aza su bisa ma'aunin Minna, GPS kuwa bisa WGS 84. Wannan tazara ta isa ta jefa rijiya cikin gonar maƙwabci.

Manhajar cs2cs ke juya su. A rubuta wa kwamfuta cs2cs EPSG:4263 EPSG:4326, sa'an nan latitud, daga bisani longitud.

Akwai wani tarko kuma. Layin digiri 6 gabas ya ratsa tsakanin Bakura da Talata Mafara, watau a tsarin UTM Bakura tana shiyya ta 31, Talata Mafara da Maradun ta 32. Lalle ne a ambaci ma'auni tare da kowace lamba.