Jinyar Namun Daji: Ilimi da Hanyar Samun Abinci

Mai son zama likitan dabbobi kan yi shekara 6 a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello da ke Zariya, sa'annan ya yi rajista da Hukumar Likitocin Dabbobi ta Ƙasa. Masu neman difloma kuwa suna da Kwalejin Kula da Namun Daji ta Tarayya a Sabuwar Bussa, Jihar Neja.

Sai dai guraben aikin ceton namun daji kaɗan ne. Cibiyar Drill Ranch ta Kalaba, wadda aka kafa a 1991 don rainon birai marayu, da gudummawa take gudana, domin dabbar da aka ceto ba hajar sayarwa ba ce. Saboda haka ya kyautu mai sha'awar fannin ya haɗa da duba kaji da shanu, inda ake samun ciniki kullum.